Mushe Tugo da Ruwan Shuka

Sunansa na yanka Cha'ibu, amma in ka shigo Tsamiyar Bawa ka ce kana neman Cha'ibu, wajen mai gyaran amalanke za a kai ka. In kuwa ka ce Mushe Tugo, ko makaho ya nuna maka gidan. Mushe kalmar Faransanci ce, haka muke kiran malamin boko a nan. Shekara goma sha huɗu ya yi yana koyar da Ingilishi a ƙaramin kolej ɗin garinmu, nan ƙasar Kanan-Bakashe, kuma duk tsawon shekarun nan zana ɗaya ce tsakanin madafina da rumfar karan da yake karantarwa a ciki. Ni karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai wuce aji huɗu ba, sai ɗan rubutun Hausa da na tsinta a makarantar manya. Amma Allah ya ba ni kunne, zanar kuma ba ta da kauri.

Mutumin Tasawa ne, ɗan cikin gari. Mahaifinsa maɗinki ne a bakin kasuwa, kuma a rumfar ɗinkin ne ya fara jin Ingilishi a bakin fataken da ke zuwa daga Katsina da kuma rediyon da ba a kashewa. Ya yi karatu har ya shiga jami'a, ya yi shekara biyu, sai tsohon ya rasu, ƙanne suka zama nasa. Ya ajiye karatun ya ɗauki aikin koyarwa na kwantiragi, aka turo mana shi.

Ina tuna ranar da ya iso. A bayan kabu-kabu ya zo, da akwatin ƙarfe ɗaya da wani ƙaton littafi na kalmomi wanda aka ɗaure da robar tayar keke. Zafi ake yi irin wanda kaji ke buɗe baki, shi kuwa yana sanye da kwat mai launin toka da takalmi rufaffe. Maigidana Malam Haruna, Allah ya jiƙansa da rahama, shi ya ba shi ɗakin da ke bayan gidanmu. Da maraice ya fita da shi ya ga gari, ya dawo yana murmushi, ya ce mini: “Baƙonmu bai san bambancin gero da maiwa ba, amma yana da ladabi.”

Kwana uku da fara aikinsa muka fara jin abin. Da sassafe sai muryoyin yara su tashi gaba ɗaya, shi yana bugun tebur da sanda: “Tu go, wen, gon! Tu it, et, itin! Tu kam, kem, kam!” Na rubuta yadda kunnena ya ji, masu karatu su yi mini afuwa. Tsofaffin gari suka fara ƙus-ƙus, wai ko wani wuridi ne na Nasara ake ɗora wa yara. Malam Haruna ba ya son zato, sai ya kira shi zaure ya tambaye shi a fili.

Mushe ya ce: “Wallahi Malam, ba komi ciki sai tafiya da ci da zuwa. Kowane aiki a Ingilishi yana da fuska uku. Ta farkon, mai tu ɗin nan, ita ce aikin tun ba a ba kowa shi ba. Ba a ce ni ba, ba a ce kai ba, ba jiya ba, ba gobe ba. Tafiya ce wadda ba wanda ya tafi tukuna.”

Malam ya ce: “Ashe iri ne a cikin gora, ba a kai shi gona ba.”

Wannan magana ta yi wa Mushe daɗi har ya rubuta ta a kaye, littafin rubutunsa. Daga ranar, duk shekara in sababbin yara sun shigo, sai na ji shi ta bayan zana yana cewa: “Iri ne a cikin gora!” da ƙarfin murya kamar wanda ya tashi a gona, alhali hannunsa bai taɓa riƙe sungumi ba. Sunan Tugo kuwa yara suka laƙa masa, iyaye suka karɓa, shi ma daga baya ya riƙa amsawa.

Mutum ne mai haƙuri a kan komai, ban da abu ɗaya. Akwai wurin da ake sa tu ɗin nan, akwai wurin da ba a sa shi, kuma in yaro ya sa shi inda bai dace ba, sai ka ce an taka masa gyambo. Sau nawa ina tankaɗe na zabura saboda tsawarsa: “Bayan mast ba a sa tu! Bayan kan ba a sa tu! Sau nawa zan faɗa?” Tun muna firgita har muka haddace. Maganar ta fita daga rumfa ta shiga gari. In mace ta zuba gishiri a miyar da aka riga aka sa wa gishiri, sai a ce ta sa tu bayan mast. In mutum ya yi doguwar gaisuwa ga wanda ke sauri, haka. Da labarin ya kai kunnensa bai ji haushi ba, cewa ya yi aƙalla dokar ta zauna.

A garinmu ya yi aure. Zalika ya aura, ɗiyar mai unguwar gabas, mace mai hannu da baki. Ita ce kaɗai ke iya ce masa ya tuɓe kwat ɗin nan kafin ya dahu. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Maigari kuma ya yanka masa gona a gabas da gari, bakin hanyar da ke fita zuwa Mayahi, don a ganinmu magidanci marar gona abin tausayi ne ko da Ingilishi na zuba daga bakinsa.

A nan ne rigimarsa da damina ta samo asali. Mu nan, in ruwan shuka ya sauka, washegari ba a zama. Rairayi ne ƙasarmu, ba ya riƙe laima, wanda ya yi jinkirin yini ɗaya sai ya gani a rumbunsa. Maza na gaba da sungumi suna sara, mata da yara na biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Ba a barin kowa a gida sai jinjiri da wanda ƙafa ta ƙi. To, ruwan nan yakan sauka ne kafin a rufe lakwal. Duk shekara sai Mushe ya tsaya a ƙofar rumfa da rajista a hannu, ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, bencunan ajin ba kowa suna kallonsa, yana cewa “absan, absan,” wato bai zo ba, yana rubutawa. Sannan ya zauna shi kaɗai har lokacin tashi ya yi, don a cewarsa aiki aiki ne.

Tasa gonar kuwa sai Lahadi yake zuwa mata, ko da ruwan ranar Litinin ya sauka. Ya je da takalminsa rufaffe, da igiya da abin awo, yana auna tsakanin rami da rami. Layukansa sun fi na kowa miƙewa a garin nan, hatsin ne dai ba ya fitowa. Abin da yake samu a kaka, Zalika kan ɗauko shi a ka sau biyu ta gama.

Haka aka yi ta tafiya har Malam Haruna ya rasu, gemun Mushe ya fara furfura, yana nan a kwantiragi. Abin da yake nema shi ne matirikil, wato lambar da gwamnati ke ba ma'aikaci ta ce ya zama nata, ba a sallamarsa da takarda ɗaya, in ya tsufa kuma akwai abin da zai riƙa samu. Ya kai takardunsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Shekara uku da suka wuce Zalika ta shigo wurina ta zauna a bakin turmi, ba wasa a fuskarta. Ta ce: “Inna, bana ce ta ƙarshe. Shekarunshi sun kai iyaka. In bai samu bana ba, shi ke nan, haka za ya tsufa.” Ta ce an rubuto cewa konseye, mai duba aikin malamai, zai zo ranar Alhamis kaza da ƙarfe takwas ya ga yadda yake koyarwa, kuma abin da ya rubuta shi za a haɗa da takardun a aika.

Mako uku Mushe ya yi yana shiri. Ya sake karan rumfa inda ya zube. Ya daka baƙin tsohon batir ya shafe tabulo, wato allon aji, har yana ƙyalli. Ya zaɓi darasin da ya fi so, na tu ɗin nan, ya yi ta maimaita shi da yara har ni ma na san inda zai yi tari. Zalika ta wanke kwat, ta goge shi da dutsen guga na gawayi, ta rataye a ƙusa ta hana kowa wucewa kusa. Direktan kolej ɗin zai kai takardun jarrabawa Mayahi a makon, don haka Mushe ne zai tarbi baƙo da kansa.

Ranar Laraba bayan la'asar gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, ta faɗi, sai ruwa. Ruwa ne irin wanda ake roƙo, ba hayaniya, ya yi ta zuba har gab da magariba. Da ya ɗauke, Maman Sani, ƙanen maigidana, wanda kuma shi ne shugaban iyayen yara, ya durƙusa a ƙofar gida ya tona ƙasa da hannu har kusa da gwiwar hannunsa bai tarar da busasshiya ba. Ya miƙe ya ce: “Alhamdu lillahi, na shuka ne.” Gari ya ɗauki murna, mata na fito da gorunan iri, maza na gyara ƙotar sungumi. Mutum ɗaya ne a Tsamiyar Bawa yake kallon sama kamar ta ci amanarsa.

Ya tsallako taɓo ya sami Maman Sani nan ƙofar gidanmu, ina jin su daga zaure.

“Baba Maman Sani, don girman Allah, gobe a bar mini yaran ajina zuwa ƙarfe goma kawai.”

“Haba Mushe, kwantar da hankalinka. Baƙonka ba ya zuwa gobe.”

“Ya rubuto, Baba. Ga takardar.”

“Lokacin da ya rubuto, ruwa ya sauka? Shi ba ya da gona? Ko gidansu takarda suke ci? Wane mai hankali za ya kama hanya ran shuka?”

“Ma'aikaci ne. In ya ce Alhamis, Alhamis ce.”

“Ma'aikaci ba uwa ta haife shi ba? Tafi ka kwanta, Mushe. Allah shi kai mu goben.”

Ya bi gidaje kafin a kira salla, ko'ina amsar ɗaya ce, Allah shi kai mu. Ba wanda ya ce masa a'a, don mu ba ma ce wa mutumin kirki a'a a fuskarsa. Ba kuma wanda ya yi niyyar cutarsa. Duk garin, har limam, mun yi imani baƙon ba zai zo ba, domin tunda aka kafa Tsamiyar Bawa ba a taɓa yin baƙo da safiyar shuka ba, sai mai kawo labarin mutuwa.

Bayan magariba Maman Sani ya shigo karɓar gorar irin marigayi. Ya ce mini: “Yaya, mutumin ga ya ban tausayi. Mun yi shawara. Tunda baƙo ba ya zuwa, gobe yaran ajinshi duka su fara da gonarshi kafin ta ubanninsu. Ko sau ɗaya ya ga yadda hatsi ke fitowa.”

Wanda ba manomi ba ba zai san girman wannan kyauta ba. Ba da sa'o'in farko na safiyar shuka ya fi ba da rago. Amma na ce: “In kuma baƙon ya zo fa?”

Ya dube ni ya yi dariya. “Ke ma zanar nan ta fara cinye miki hankali.”

Da safe, tun gari bai gama wayewa ba, na ji wucewar ƙafafu da amalanke. Ni gwiwoyina sun daina zuwa shuka, ina gida. Ƙarfe bakwai Mushe ya fito cikin kwat, ya daki tsohon ƙarfen mota da ke rataye a bishiya, wanda shi ne ƙararrawar lakwal. Ya sake dukansa. Akuyar maƙwabta ce kaɗai ta amsa, ta shiga rumfa ta fara cin sabon karan. Zalika ma ta tafi da gorarta, ba ta faɗa masa inda za ta ba, don an ce a ɓoye masa sai an gama.

Ƙarfe takwas saura kaɗan na ji ƙarar moto, wato babur.

Wani siririn dattijo ne mai tabarau, wandonsa a naɗe, taɓo har gwiwa, jaka rungume a ƙirji. Motarsu ta kafe a hanya, ya bar ta ya hau kabu-kabu. Sunansa Mushe Abdulmumin. Suka gaisa da Faransanci, suka shiga rumfa. Ban ji abin da suke cewa ba, amma ta ramin zana na ga baƙon ya dubi tabulo mai ƙyalli, ya dubi bencuna ba kowa, ya dubi akuya, ya dubi agogonsa. Na ɗebo ruwa na zagaya na kai masa, don baƙo baƙo ne.

Ya karɓa ya ce: “Sannu Inna, barka da ruwa.” Ya juya ga Mushe Tugo, ya koma Hausa, watakila don kada in ga kamar ana ɓoye mini. “Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Ƙarfe sha ɗaya ana jirana a wani gari, gobe kuma ake rufe takardun. Ba na iya rubuta abin da ban gani ba.”

Allin da ke hannun Mushe Tugo ya karye biyu bai sani ba. Gumi na bin wuyan kwat ɗin da Zalika ta goge.

Ni ba mai tsoma baki cikin maganar maza ba ce. Amma tun da asuba iska ke kawo mini wani sauti daga gabas, kuma na san ko mene ne. Na ce: “Mushe, ku ɗan yi shiru ku saurara.”

Suka yi shiru. Can nesa, siriri, yana zuwa yana ɓacewa: tu go, wen, gon.

Mushe ya fita da sauri, baƙon na biye. Ni kuma na dama fura na bi su a hankali, tunda ba a bar baƙo ya tafi da ruwa kaɗai ba. Da na isa gonar na tarar da su tsaye a bakin hanya. Maman Sani da maza uku na gaba suna sara. Bayansu yara talatin da wani abu a jere, kowa da ƙwaryar iri, Zalika a ƙarshen layi. A kan “tu go” su zuba iri, a kan “wen” su rufe da ƙafa, a kan “gon” su taka gaba. Ba mai tsallake rami, ba mai rigan wani. Shekara da shekaru haka yaran garinmu ke shuka a gonakin iyayensu, don waƙar ta dace da taku. Kowa ya san haka ban da mai waƙar, wanda bai taɓa leƙa gona da safiyar shuka ba.

Mamakin bai daɗe masa ba. Ya ɗaga murya: “An kilas! Maza-maza, kowa ya koma aji!”

Yara suka tsaya. Maman Sani ya waiwayo, ya ga baƙo, sungumi ya kusa faɗuwa daga hannunsa. “La'ilaha illallahu! Ya zo? Ranka shi daɗe, kai ba ka da gona?”

Baƙon ya ce: “Ina da ita, Baba. Tana can garin Sarkin Hausa tana jirana.”

“To ka gani! Kai ma an cuce ka.” Ya juya ga Mushe. “Mushe, mun yi kuskure, na yarda. Amma dubi rana. In munka koma rumfa yanzu, ƙasar ga ta sha iska, ga gonakin mutane ba a taɓa ba. Iyayensu sun ba ka safiyarsu, in mayar musu da ita ba a shuka komi ba? Baƙo ya yi haƙuri ya dawo Asabar.”

Baƙon ya girgiza kai, ya sake duban agogo. Komawa gari da tara yara a kan bencuna kaɗai zai ci rabin lokacin da ya rage.

Mushe ya tsaya yana kallon ƙasa. Sai na ga ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa. Ya tuɓe su, ya tuɓe safa. Ranar ce mutanen Tsamiyar Bawa suka fara ganin ƙafar Mushe Tugo, fara sol kamar ta jariri, har wata yarinya ta toshe baki. Ya cire kwat ya miƙa wa Zalika, ya karɓi gorar irin da ke hannunta. Ya share jiƙaƙƙen rairayi a bakin gona da tafin hannu, ya tsinci karan bara, ya yi rubutu manya-manya a ƙasa. Sannan ya ɗaga gorar sama.

“Mene ne wannan?”

Yara suka amsa gaba ɗaya: “Iri ne a cikin gora!”

“Ku ci gaba da shuka. Wanda na kira ya amsa, hannu kada ya tsaya.”

Haka aka yi darasin. Yana tafiya da baya-baya a gabansu yana jefa tambaya, su kuma suna zubawa suna rufewa suna amsawa. Ya tambayi Nana Firdausi, ɗiyar limam, me take so ta yi, ta ce: “Ay wan tu so,” wai tana so ta yi shuka. Ya tambayi wani me ya zama dole ya yi, ya ce: “Ay mast wok,” wai dole ya yi aiki. In an kai ƙarshen layi sai su taru a kan rubutun ƙasa, ɗaya ya karɓi kara ya rubuta, a gyara, a juya a kama sabon layi. Sau biyu Mushe na faɗawa ramin sungumi, sau ɗaya ya taka ƙaya ya yi wata ƙara da ba Ingilishi ba ce, amma bai tsaya ba. Maman Sani na sara yana ce masa: “Hagu, Mushe, hagu! Kana tattake mini ramu.”

Baƙon na biye da su a gefe yana rubutu. Ya yi wa yara uku tambaya da kansa, biyu suka amsa daidai, ɗaya ya kasa, Mushe ya sake yi masa bayani da gorar har ya gane. Can sai baƙon ya dubi agogo, ya rufe littafinsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji: “Ay mast tu go.”

Gonar ta ɗauka baki ɗaya, yara da Zalika da mazan da ke sara: “Bayan mast ba a sa tu!” Muryar Maman Sani ta fi ta kowa.

Dattijon nan da bai yi murmushi ba tun zuwansa ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Da gangan ya yi, don ya gwada yaran, bai san har iyayen zai kama ba. Ya ce: “Baba, kai kuma wane aji kake?”

Maman Sani ya ce: “Shekara goma sha huɗu ina aji ɗaya ta bayan zana, ba a taɓa ƙara mini ba.”

Ya zauna a gindin aduwa ya sha furar, ya yi mini godiya. Kafin ya hau moto ya roƙi a ba shi ƙwarya, ya shuka rami kamar goma da takalminsa, ya ce ko ya rage kewar tasa gonar. Mushe ya raka shi bakin hanya ba takalmi, ya tambaye shi a hankali yadda ya gani. Abin da ya ce kawai shi ne: “Abin da na gani shi na rubuta.” Ya tafi.

Wannan amsa ta hana Mushe sukuni damina guda. Wata rana ya ce ai mutumin ya yi dariya, alama ce mai kyau. Washegari ya ce me ya gani in ba rumfa da akuya da malami ba takalmi ba? Kwana goma bai yi wa Maman Sani magana ba sai sallama. Hatsin gonarsa na tsawo, shi yana ramewa. Amma na lura da yamma yakan zagaya gabas ya tsaya a bakin gonar, hannu a baya, kamar mai duba yara a jarrabawa. Da aka zo noma Zalika ta miƙa masa hauya, ya karɓa ba musu. A kaka aka ɗaure dami arba'in da biyu. Ya ƙirga su sau uku.

Takardar ta zo ana cikin sussuka. Na ji guɗar Zalika daga madafi, na ajiye muciya na ce alhamdu lillahi. Ya samu matirikil. Aka cika gidansa da barka, Maman Sani na gaba yana cewa ai shi ya shirya komai. Sai da hayaniya ta lafa Mushe ya buɗe shafi na biyu ya karanta mana. An ɗauke shi daga garinmu, an kai shi babban kolej a Mayahi, mai azuzuwan siminti.

Maman Sani ya cire hula ya sosa kai. Ya ce: “Da na san haka za a yi, da na bar mishi yaran a rumfa, ya yi darasinshi na kullum, a bar muna abinmu.”

Amalanke uku suka kwashe kayansu, biyu hatsi ne. Ƙaton littafin mai robar keke na can bisa damman. Ya zo ya durƙusa ya yi mini sallama, ya ce in yafe masa tsawar shekara goma sha huɗu. Na ce na yafe, Allah ya sa albarka a aikin. Wanda aka turo a madadinsa yaro ne mai sanyin murya, ba na jin komai ta zanar sai tarin yara.

Gonar bai mayar ba, maigari kuma bai tambaya ba. Bana ruwan shuka ranar Litinin ya sauka. Talata da sassafe, ina lazimi, na ji moto ya tsaya a ƙofar gida. Shi ne, da tsohuwar riga da silifa, Zalika a baya rungume da gorar iri, sungumi ɗaure a gefe.

Bayan mun gaisa na ce: “Mushe, yau ba Talata ba? Ina ajinka?”

Ya sunkuya yana kwance igiyar sungumin, bai dube ni ba. Ya ce: “Inna, ran Talata ba ni da aji sai da yamma.”

Zalika ta dubi sama tana danne dariya. Ni kuma ban ƙara tambaya ba, na ce su yi sauri kafin rana ta take.